Baba Mai Tsumma da Gumakansa

Da na dawo daga karatu a waje, na sami aiki a gidan adana kayan tarihi, kuma a nan na tarar da Baba Mai Tsumma. Tun ban zo duniya ba yake goge ƙura a ɗakin gumaka, shi ne kuma ke jan ma'aikata salla a bayan sito. Da albashin nan ya aurar da 'ya'yansa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ɗabi'a ɗaya gare shi: ba ya sunkuyawa a gaban gunki. In zai goge na ƙasa, sai ya jawo 'yar kujerarsa ya zauna, ya ba shi gefe, yana shafa shi a hankali kamar mai yi wa jika wanka.

Wata rana wani malami ya kawo ɗalibansa, ya tsaya gaban wani dutse da ake yi wa gumaka yanka a kansa ya ce musu daga bautar gumaka Yahudanci da Kiristanci da Musulunci suka samo sujada da yanka da azumi. Direbanmu na tsaye yana ji. Daga ranar ya laƙaba wa Baba limamin gumaka. Da wasa ya fara, amma wasan ya yi tsami, har aka soma cewa wanda ya wuni cikin gumaka bai kamata ya ja salla ba. Sahu ya ragu, Baba ya daina yawan magana.

Ya same ni ina shirya takardun baje koli, ya ce, "'Yata, ke da kika karanta abin, da gaske daga wajen masu bautar gumakan nan muka fito?"

Ban ɓoye masa ba. Na ce mutanen zamanin da ma sun yi yanka sun yi sujada, wasu masana na ganin an gada ne, masu imani kuwa na ganin annabawa ne suka mai da bautar ga Mai ita, kuma gardamar ba ta ƙare ba. Ya daɗe yana ninke tsummansa, sannan ya ce ashe su ma nema suke yi, bayin Allah.

Washegari aka zo sauya wa wani babban gunki wuri, Baba ya roƙi direba ya kama masa. Direba ya duƙa daidai gaban gunkin, goshinsa na neman taɓa ƙafar dutsen.

"Ɗana, ruku'u kake yi?"

"Haba Baba, kaya nake ɗauka."

"To, ni ma ƙura nake gogewa."

Har mai gadi sai da ya dara. Da azahar direba ne ya shimfiɗa tabarma, ya tsaya a bayan Baba. Kujerar kuwa tana nan, kuma har yau a zaune Baba yake goge na ƙasa.