Orfelina da Ƙofar Tafki na Uku

Orfelina Nazareno ta shekara talatin tana tonon ƙumba, wato dodon-koɗin ruwa da ake ci, a taɓon bakin kogi kafin gwiwarta ta gaza. Yanzu ita ce mai riƙe da mabuɗin tafkunan da ke tace ruwan masai na ƙauyenmu, nan gaɓar tekun Esmeraldas.

Tafkunan uku ne. Datti ya kwanta a na farko, rana ta gasa na biyu, ciyawar kacalla ta tace na uku, sannan a buɗe ƙofar ƙarfe ruwan ya faɗa kogi. Ba a buɗewa sai teku yana janyewa. In yana cikowa, zai tura ruwan cikin taɓon da gida sittin ke ci daga ƙumbarsa. Mai gadi na farko ya taɓa yin wannan kuskure. Yara suka kwanta da gudawa, aka hana tono wata huɗu. Shi ya sa mata masu tonon suka nace a ba wadda ta san teku mabuɗin.

Wata Talata a Fabrairu, bayan kwana biyu ana ruwan sama, tafki na uku ya cika da ruwan da bai gama tacuwa ba. Saura yatsa uku ya haura ganuwa. Gidan Limber Cuero na gindin ganuwar, kuma Orfelina ce ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata komadre, tana ce masa kompadre.

Limber ya hau ganuwar da guduma a hannu.

"Komadre, buɗe!"

"Teku na cikowa, kompadre."

"Tekun ne zai wanke min gida? Takardar hukuma ta ce ƙarfe biyu zai juya. Biyu ta wuce!"

"Takarda ba ta san kogi ya cika ba."

Ta jefa ɓawon kwakwa a kogi. Ɓawon ya nufi saman kogi, wajen taɓon.

Limber ya ɗaga guduma kan kwadon ƙofar. Orfelina ta zauna a kai.

"Fara da ni. In ka gama ka je ka gaya wa matarka, ita ma taɓon nan take tona."

"Tsohuwar ƙaguwa!"

"Ƙaguwar ce ta huda ganuwa can bayanka. Je ka toshe, ka fi amfani."

Ya waiwaya. Ruwa na tsiyaya ta wani rami. Ya yar da gudumar, ya shiga danna laka da hannu yana zaginta. Ina tsaye a wurin, na duba agogo: biyu da ashirin. Ta jefa ɓawo na biyu, shi ma ya yi sama. Biyu da rabi ruwa ya haura ganuwa, baƙi, mai wari, ya gangara tsakar gidan Limber. Matarsa ta kwashe kaji ta hau bene. Orfelina ba ta kalli gidan ba. Mabuɗin na nan cikin zaninta.

Ɓawo na uku ya tsaya cak. Ya juya a hankali, ya kama hanyar teku. Sai da ya wuce turken kwale-kwale ta buɗe.

Washegari ta ɗauko buhun farar ƙasa ta barbaɗe tsakar gidan Limber da kanta don kashe wari da cuta, tana ɗingishi. Har yau gaisuwarsu a taƙaice take. Ranar Juma'a sakamakon gwajin da hukuma ta yi wa taɓon ya fito lafiya. Mata suka shiga kwale-kwale zuwa tono, matar Limber a gaba.