Tsakanin Kiran Salla da Sallama

Shekara uku na yi ina aiki a wani shagon buga takardu a Mubi. Mu biyu ne ma'aikata, ni da wata mata 'yar Michika, Kirista, wadda yatsunta ba sa kuskure a kan kwamfuta. Maigidanmu, Alhaji, mutum ne mai sa ido. Ya kafa kyamara a saman ƙofa, yana kallonmu ta wayarsa ko yana kasuwa. Ko hamma ka cika yi, sai ka ji kira.

Al'adar layinmu ita ce, in an kira Azahar Musulmi su tafi masallaci, Kirista su tsare shaguna. A wannan ɗan lokaci ne abokiyar aikina take ciro wani tsohon littafin makaranta daga jakarta. Waƙoƙin coci ne da harshen Kamwe, waɗanda mahaifinta ya rubuta da hannunsa kafin ya rasu. Gara ta ci gefen shafukan, tawadar tana dusashewa. Kullum takan buga waƙa ɗaya, inda gara ta cinye kuma ta cike da abin da ta haddace. Nakan dawo daga masallaci in same ta a kai. Abin da ya fi burge ni, ba ta taɓa juya wa kyamarar baya ba. Ni da nake laɓewa bayan injin hoto in duba sakamakon ƙwallo, kunya nake ji.

Wata Talata Alhaji ya shigo fuska a murtuke. Ya ce ya ga komai, kwamfutarsa ba ta coci ba ce, kuma duk mai aikin kansa a lokacinsa ga hanya nan. Ya dube ni ya ce, "Goge waƙoƙin nan yanzu."

Na san ba ta da wata na'ura a gida, na kuma san yara biyu take ciyarwa da aikin nan. Na kama linzamin kwamfutar.

Ita kuwa ta miƙe, ta rusuna, ta ce, "Baba, ni bai ɓoye ba. Kastoma bai taɓa jira na ba. Lokacin da ku yana gaban Allah, ni ma gaban shi nake. In za ka kore ni, ka kore ni, amma kar ka goge. Littafin yana mutuwa."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe, wani shafi ya ɓare ya faɗo a kan takalminsa. Ya sunkuya da kansa ya ɗauka, ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Can ya ce, "Daga kiran salla zuwa dawowata, lokacin naki ne. Ina shigowa, nawa ne." Ya fice bai ƙara kallon kowa ba.

Washegari da liman ya sallame, na yunƙura zan tashi kamar kullum, don na san Alhaji ba ya son a daɗe. Sai na ji an riƙe bakin rigata. Alhaji ne, yana zaune yana jan carbi a hankali, idonsa a ƙasa.

"Ina za ka?" in ji shi. "Zauna. Ba ta gama ba."