Izgar Goɗiyar Surukina

Goɗiyar surukina ta taɓa shurina a cinya, kuma wallahi ni na jawo wa kaina.

Kafin 'yancin kai ne, ina gadi a tashar jirgi, da 'ya'yana biyu. Wani abokin aikina ɗan Sabon Gari ya koya mini cewa zaren fatsa da kauri yake farawa, ya yi ta sirancewa har bakin ƙugiya don kada kifi ya gan shi. Ya ce izgar doki ta fi komai. Ni da na tsaya a aji biyu, nan take na zama shehin kifi.

Na lallaɓa gidan surukina a Fagge, na kama wutsiyar goɗiyarsa na fizga. Sai ga ni a ƙasa, hula can, takalmi can, Baba tsaye a kaina. Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba!

Na ce, "Baba, gaisuwa na zo."

Ya ce, "Ta baya kuke gaisuwa a gidanku?"

Dole na faɗi gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ashe a bakin kogin Yobe ya tashi. Ya ce, "Izgar goɗiya ruɓaɓɓiya ce, fitsari ya cinye ta. Ta ingarma ake nema. Sili shida a sama, uku a tsakiya, ɗaya a ƙugiya. Kifin farko nawa ne."

Allah ya jiƙan Baba, har yau yana bina bashin kifin nan. Jama'a, ina kududdufin da kifayensa ba su da wayo?