Iskar da Aka Ce Tana Cikin Rijiyata

Rijiyar tsakar gidana mijina ne ya haƙa ta, shi da ƙaninsa, tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba. A gindin dutse gidanmu yake. Bangon baya na ɗakin kwananmu ma ba gini ba ne, jikin dutsen ne aka jingina wa katanga uku aka ɗora rufi. Haƙa rijiya a irin wannan wuri sai mai taurin kai. Kana wuce ƙasa mai laushi sai diga ta fara tsalle tana dawo maka. Wuta suke hurawa a kan dutsen har ya yi zafi, su kwara masa ruwa ya tsage, sannan su bi shi da guduma. Duwatsun da suka fitar aka tara a bayan gida, tsibi guda, awaki suka mai da shi wurin hutawa.

Da aka yi jiha gari ya cika da baƙi, ruwa ya yi wuya. Rijiyata ba ta ƙafewa ko da bazara, don haka rabin unguwa a gidana suke ɗiba. Ban taɓa sayarwa ba. Ladana shi ne hira. Mata su shigo da guga da tulu, a zauna a bakin rijiya a yi ta zance har rana ta ɗaga. Wadda ta fi kowa zama ita ce maƙwabciyata mai dama fura, Bafulatana ce da danginta suka daɗe da barin daji, kowa Gwaggo yake ce mata. Ta girme ni, amma abokiyar wasata ce. Bakinta ba ya riƙe magana, kamar kwando da ruwa, kuma ina son ta a haka.

Mijina ya shiga fasa dutse, don gine-ginen gwamnati na cin tsakuwa kamar ba gobe. Yana dawowa fari fat da ƙurar dutse, ya kunna taba, ya shige ɗakin nan da ba taga ya kwanta. Tari ya kama shi. Aka ce sanyi ne, aka ce tarin fuka ne, aka ba shi ƙwayoyi ya sha har ya gaji. Ya rame ya zama kamar sillen kara, sannan Allah Ya karɓi abinSa. A zaryar asibitin nan ne wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa don na shiga ƙofar da aka rubuta kada a shiga. Na haɗiye. Ina fita takaba na je na zauna a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai, cikin 'yan matan da na haifi kamarsu.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wasu mutum biyu suka yi sallama a ƙofar gidana, saurayi da budurwa, suka ce daga jami'a suke, suna auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da duwatsu. Suka ɗebi ruwa a ƙananan kwalabe, suka toshe bakinsu tam kamar mai gudun wani abu ya tsere. Suka tafi. Bayan wani lokaci suka dawo, kuma ranar bakin rijiya cike yake da mata.

Saurayin ne ya yi bayani, da Hausa tsantsa, kuma har yau ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ya ce akwai wata iska da ke zaune a cikin irin wannan dutsen tun da Allah Ya halicce shi. Ba a ganin ta, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana bin tsagar dutse ta fito, ta shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma tana son ɗaki mai duhu da ba ya samun sarari, nan take taruwa. Wanda ya daɗe yana zaune da ita tana iya taɓa masa ƙirji, a hankali, shekara da shekaru, bai sani ba.

Na duba fuskokin matan nan na ga abin da suka ji. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wace ce ke zaune a dutse, ba a ganin ta, tana son duhu, tana taɓa mutum. Gwaggo ta saki igiyar guga, ta gyara mayafi.

Ta ce, “Ɗan nan, tana da suna?”

Ya ce sunanta radon.

Ta ce, “Ikon Allah. Ni dai ban taɓa jin wannan a cikinsu ba. Baƙuwa ce ke nan, da ma'aikata ta zo?”

Saurayin ya yi dariya, ya zaci wasa take. Budurwar ce ta gane, ta yi ta maimaita cewa ba aljana ba ce, iska ce irin ta numfashi, kuma wadda suka samu a rijiyata ba mai tayar da hankali ba ce. Amma wa ke saurare? Ba a cika tulu ko ɗaya ba bayan nan. Kowa ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Na ja budurwar gefe na ce ta gaya mini abin yi, ba wa'azi ba. Ta ce abu ne mai sauƙi. Iskar ba ta son sarari. In na ɗebo ruwa in sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti a tsakar gida, in bar shi ya yi 'yan kwanaki a randa kafin a sha, za ta fice, sauran ta mutu da kanta. Ta ce rijiya mai buɗaɗɗen baki irin tawa ma tana da sauƙi, don ruwan yana shan sarari, wanda ake zuƙowa daga can cikin dutse ya fi riƙe ta. Sai ta leƙa ɗakin kwanana, ta ga jikin dutse a matsayin bango. Ta ce wannan ya fi ruwan damun ta, in fasa taga.

Na tambaye ta ko ita ce ta kashe mini miji. Ta tambayi aikinsa, ta tambayi ko yana shan taba. Ta ce, “Inna, wallahi ba zan iya ce miki ita ce ba, ba kuma zan iya ce miki ba ita ba ce.” Na gode mata, don ita kaɗai ce a duk jinyar nan da bayanta ta ce mini ba ta sani ba. Suka ce za su dawo su auna ɗakin. Har yau suna hanya.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Ni kuma ina da tabo: kakata ta wajen uwa 'yar bori ce, ban taɓa ɓoyewa ba, ta rasu ina goye. Sai aka haɗa. Aka ce iskar gado ce, ita ta riƙe ruwan shi ya sa ba ya ƙafewa, kuma ita ta sha jinin maigidan. Ni ma na yi kabbara ranar da aka kawo shari'a, ba wanda ya fi ni murna. Amma lokacin kowa na neman abin da zai gyara, kuma gyaran gidan maƙwabci ya fi sauƙi.

Na yi abin da yarinyar ta ce. Kullum da hantsi in tsaya a tsakar gida in ɗaga bokiti sama in sheƙo ruwa cikin wani, in sake, in sake, har kafaɗuna su yi tsami. Na jera randuna uku, ana shan ta farko, sauran na jira. Na kira magini ya fasa mini taga a ɗaki. Ya tambaye ni dalili, ni kuma da bakina na ce don iskar ta fita. Ya karɓi kuɗinsa da hannun hagu yana karanta abin da ya sawwaƙa. Waɗanda suka leƙo ta katanga suka ga mace ita kaɗai tana ɗaga ruwa sama tana zubarwa, ga randuna a jere, suka ce ai ga shi nan, hidima take yi mata.

Gwaggo ta daina shigowa. Wannan ya fi komai ci mini rai. In mun haɗu a hanya sai ta gaishe ni da nisa, kamar mai gaida surukai. Gidan da ba ya rabuwa da ƙarar guga ya yi tsit, sai ni da 'ya'yana da awaki.

Ƙanin mijina, wanda shi ne waliyyin yaran, ya zo ya tsaya a zaure. Ya ce samarin unguwa sun kai ƙara wurin mai unguwa, suna so a cike rijiyar, shi kuma ya gaji da nuna shi da ake yi a masallaci. Na ce masa shi da ya shiga cikinta da guduma, ya ga wata a ciki? Ya ce, “Yaya, ni ban ga komai ba, amma yanzu ba abin da na gani ake tambaya ba.”

Ranar da aka kira ni na saya lemon kwalba guda na ɓoye a mayafi. Maza na cikin zauren mai unguwa, har da liman, ni ina durƙushe daga bakin ƙofa. Aka karanto abin da ake faɗa a kaina. Na nemi izini, na fito da kwalbar, na girgiza ta, na ɓalle murfin da haƙori. Ta yi tsiii, kumfa ya zubo mini a hannu.

Na ce, “Allah gafarta Malam, wannan da ta fita yanzu, a cikin waɗanne take? Don na ga ana shan ta a kowane ɗaurin aure.”

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, aka harare shi. Liman tsoho ne mai hankali. Ya sa na maimaita duk abin da yaran jami'a suka ce, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ya fahimta, iskar da ke cikin tayar keke ma iska ce, Hausa ce ta yi mana rowar kalma. Ya ce babu shirka a nan, kuma duk wanda ya ƙara jifan baiwar Allah da wannan magana ya nemi gafara. Na zaci an gama.

Sai mai unguwa ya gyara zama. Ya ce to madalla, ba aljana ba ce. Amma da bakina na tabbatar akwai wani abu a ruwan da ke taɓa ƙirji, ko ba haka ba? Na ce haka ne, amma kaɗan ne, kuma yana fita. Ya ce shi ba zai iya bin gida-gida yana duba wa ta sheƙa ruwa wa ba ta sheƙa ba. Ga burtsatse an kusa gamawa a bakin hanya. A cike rijiya, hankalin kowa ya kwanta. Na ce yarinyar ta ce ruwan da ake zuƙowa daga can cikin dutse ya fi riƙe iskar, a auna burtsatsen tukuna. Ya ce injiniyoyi ne suka haƙa shi, ni ajina nawa a boko?

Na ce, “Aji biyu, ranka ya daɗe. Amma kunnena tun haihuwa yake aiki.”

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Aka juya ga ƙanin mijina, ya sunkuyar da kai ya ce ya amince. Da na bar su a kan aljana, wataƙila da an yi mata ruƙiyya an bar mini rijiyata. Na wanke kaina, kuma da hujjar da na wanke kaina aka kashe ta.

Ba a sayi ƙasar cike rijiyar ba. Tsibin duwatsun nan na bayan gida aka kwaso, waɗanda aka fitar daga cikinta. Ƙanin mijina ne ya jefa na farko. Ina zaune a ɗaki, ta sabuwar tagar nake ji. Da fari ƙarar ruwa ce, tsulum, tsulum. Can sai ta koma dutse a kan dutse. Ban fito ba sai da suka share wurin.

Yanzu daga burtsatse ake kawo mini ruwa. Ban san ko da iskar a cikinsa ko babu ba, ba wanda ya zo ya auna, ni kuma na gaji da tambaya. Ina dai sheƙa shi, in bar shi ya kwana a randa, ko da yake kafaɗun ba sa kai bokiti sama kamar da. Yaran sun ce in daina wahalar da kaina. Tagar tana nan, ba na rufe ta ko da sanyi.

An daɗe kafin Gwaggo ta sake taka gidan. Wata rana da bazara ta shigo da ƙwarya, ta tsaya daidai inda bakin rijiyar yake a da, tana dube-dube kamar ta yar da wani abu. Ta ce ruwan burtsatse zafi gare shi, yana tsinka mata fura, an ce na randata ya fi sanyi. Ba ta ambaci komai ba, ni ma ban ambata ba. Na ɗebo mata daga randar da ta fi daɗewa. Ta ɗanɗana, ta kalle ni ta gefen ido.

Ta ce, “Ta fita dai ko?”

Na ce ta zauna, tsayuwa ba ta yi wa gwiwarta kyau.