Takalmin Ƙafa Ɗaya

Babanmu baduku ne. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗinkin takalmi a shago ɗaya, a kan benci ɗaya da ya lotsa daidai mazauninsa. Mutanen layinmu Mai Basilla suke ce masa. Ba shi da yawan magana sai in gaisuwa ce. Nan kam nemi wurin zama, don har lafiyar kajinka sai ya tambaya.

Abin da ya raba shi da sauran dukawa shi ne yana ɗinka takalmi ƙafa ɗaya. Tun da ƙaninsa ya rasa ƙafa a haɗarin mota, ya ga yadda 'yan kasuwa ke sa shi sayen biyu ya yar da ɗaya, Baba ya ware kanta guda a jikin bango. Duk mai ƙafa ɗaya ya zo a auna shi, ya biya rabin kuɗi.

Da Yayana ya buɗe mana shago a intanet, ni aka jibga wa aikin shafukan. Kowane takalmi da shafinsa mai hoto da lamba da farashi. Akwai kuma shafin rukuni, wanda ke tara iri ɗaya wuri guda: na maza, na mata, na 'yan makaranta. Baba ya ce a yi wa kantarsa nata rukunin, amma kowane shafi ya fara da gaisuwa.

Na ce, "Baba, ba a yin haka a intanet."

Ya ce, "Mutum ya shigo shagona in tare shi da farashi? Ba haka aka rene ni ba."

Na rubuta masa gaisuwarsa, layi biyar cur.

Wata bakwai ko mutum ɗaya bai zo ta shafin nan ba. Yaya, wanda takalman kambas da yake sayarwa ke yi masa gudu kamar ruwa, ya ƙare haƙuri. "Baba, ƙarshen wata zan sauke kantar nan in jera kambas, a goge shafin. Ba mai nema." Sai na ga Baba ya soka basilla sau biyu a rami ɗaya. Raina ya ɓaci sosai, don ni in an taɓa tsohon nan ba na ganin kowa da gashi.

Na ari wayar telan da ke maƙwabtaka da mu, wadda ba ta taɓa shiga shafinmu ba, na bincika kamar baƙuwa: takalmi ƙafa ɗaya. Sai a jeri na uku na sakamakon binciken na tsince mu. Kanun da ya fito shi ne "Rukuni na 4", laifina ne wannan, ban musa ba. A ƙasansa layi biyu: "Barka da zuwa, sannu da hanya, muna fatan kuna lafiya, ya iyali, ya..." sai ɗige-ɗige. Hoton kuwa takalmi ɗaya ne, amma ai duk shagunan duniya ƙafa ɗaya suke nunawa a hoto. Babu abin da zai gaya wa mai nema cewa ya iso.

Na kai wa Baba wayar, na ce abin da bincike ke ba mu ke nan, kanu ɗaya da layi biyu, kamar allon ƙofar shago. Wanda bai ga bukatarsa a nan ba, wucewa zai yi. Ya sa tabarau ya karanta a hankali.

Ya ce, "Wato mutum na tsaye a titi da sandarsa, ni ina ciki ina gaida bango. Rubuta."

Shi ya faɗa, ni na buga. Kanu: "Takalmin ƙafa ɗaya, dama ko hagu." Ƙasansa: "Ba sai ka sayi biyu ba. Lamba 36 zuwa 47, rabin kuɗi, da dunduniya mai ƙarfi don ita ke ɗaukar nauyi duka." Gaisuwar ba mu goge ba, ƙasa kawai ta koma.

Bincike ba ya sauya rubutu don kana sauri. Kwana goma sha biyu ina damun tela da aron waya kafin sabon kanun ya bayyana, muka hau jerin farko.

Saura kwana uku wata ya ƙare, wani dattijo ya shigo yana dogara sandar hammata, matarsa na biye da buhu. Tsohon direba ne, 'yarsa ce ta gano mu a waya. Baba ya durƙusa ya auna masa ƙafar hagu, ina tsaye ina jin kaina ya yi girma, don ban san wani baduku da ke yin haka ba. Da aka gama, matar ta zazzage buhun. Takalman dama ne guda tara, sababbi fil, ko ƙasa ba su taɓa ba.

Dattijon ya ce, "Shekara tara ina saye ina ajiyewa, na kasa zubarwa. In mai ƙafar dama ya zo, lamba 43, ku ba shi."

Yaya na bakin ƙofa rungume da kwalin kambas. Ya daɗe yana kallon takalman, sannan ya dire kwalin, ya tsuguna ya fara kwashe su yana share musu ƙura da gefen rigarsa.

Ya ce da ni, bai ko ɗago ba, "Ke, ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne a yi masa shafinsa. Wurin farashi ki sa kyauta."