Jakunkunan da Muka Kai Gidan Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutse, ni da abokan ɗinkina mata biyu, da direban da ya riga ya saba da surutunmu. Bayan motar cike yake da jakunkuna. Ni na ɗinka su da hannuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da su: atamfa mai kauri, zif mai kyau, ga maratayi. A cikin kowace mun saka riga da zani da hijabi da silifas da sabulu, na yarinya guda. Ni ce na kafe a kan cewa ba za a kai wa marayu kaya a buhu kamar za a kai masara niƙa ba. Kowa da tata.

Wani ƙauye muka nufa gaba da Miga, gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta malami ne, da ya rasu almajiransa suka watse, ɗakunan gidan suka zama babu kowa. Sai ta fara karɓar 'yan matan da bindiga ta raba da iyayensu da garuruwansu, wasu daga gabas, wasu daga yamma.

A Kiyawa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan nan ya rame, jama'a, sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an saka masa abu. Na yi wa mai suyar ƙorafi, ta ce in je in tambayi mai wake. Daga Jahun hanya ta miƙe, gero ya fi motarmu tsayi dama da hagu, ga riɗi, ga zoɓo ya fara ja. Muna wuce Miga muka sauka daga kwalta. Nan ɗaya daga cikinmu, wadda tun Dutse take gyaran ɗaurin ɗankwali saboda hoto, ta haƙura ta riƙe kujera da hannu biyu. Har amalanken shanu sai da ya wuce mu a wani kwazazzabo.

Da hantsi muka isa. Gidan ƙasa ne mai faɗin tsakar gida, da darbejiya a tsakiya, awaki na kai da kawo. 'Yan mata biyu na surfe, wata na suyar awarar da za a kai bakin hanya, wata kuma tana fama da tsohon keken ɗinki da ya fi ta baki. Inna ta tarbe mu kamar ta shekara tana jiranmu, aka kawo ruwan randa mai sanyi. A cikin masu gaishe mu na lura da wata mai suna Zara'u, ba za ta wuce sha biyar ba, da ƙanwarta Habi 'yar ƙarama. Ko durƙusawa Zara'u za ta yi, hannunta na riƙe da na Habi.

Aka sauke jakunkuna, na jera su a kan tabarma ina baza hanci. Taɓarya ta tsaya. Keken ɗinki ya yi shiru. Ni a zatona kyan aikina ne ya kashe musu baki. Na ɗauki 'yar ƙaramar cikinsu na ce, "Habi, zo ki karɓi jakarki."

Kafin in rufe baki Zara'u ta suri yarinyar ta faɗa ɗaki, muka ji ta jingina wani abu mai nauyi a bayan ƙofa. Sauran suka sunkuyar da kai, babu wadda ta matso.

Inna ta dafa gwiwata. "'Yar nan, zauna. Ba ki yi laifi ba. Amma su yaran nan, duk ranar da mota ta tsaya a ƙofa aka miƙa wa yarinya jaka, to tafiya ce."

Ta ce su uku ne suka tsira a gidan su Zara'u, ita da ƙannenta mata biyu. A makarantar da aka fara tsugunar da su, wasu baƙi suka zo da fara'a da jaka sabuwa, suka miƙa wa ta tsakiyarsu, suka tafi da ita wai riƙo birni. Har yau babu wanda ya san wane birni ne. Tun daga nan ko rijiya Zara'u ba ta bari Habi ta je ita kaɗai.

Wallahi kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan saka idona. Na ce, "Inna, to yaya za a yi?"

"Zazzage su."

Haka muka zuge zif ɗaya bayan ɗaya muka tara kayan tsibi guda a tabarma, abin nan dai da na rantse ba za a yi ba. Inna ta sa aka ɗaura sabuwar igiya a kowane ɗaki, ta ce kowa ta zaɓi nata ta je ta rataya. Sannan ta tafi bakin ƙofar nan ta zauna a ƙasa.

"Zara'u, ni ce. Babu mai zuwa ko'ina. Baƙi ne za su tafi bayan la'asar."

An daɗe kafin ƙofar ta buɗe. Har an sauke dambu da zogale, wanda na ci kamar ba ni ce na gama jin kunya ba. Zara'u ta zo ta zauna nesa kaɗan, Habi a kan cinyarta. Ba ta kalli kayan ba, ni take kallo.

"Hajiya, motar da ku kaɗai za ta koma?"

"Da mu kaɗai, 'yata."

Sai a sannan ta bar Habi ta miƙa hannu ta ɗauki silifas ja.

Da muka tashi tafiya, Zara'u da kanta ta tattara jakunkunan, ta ninke su tsaf, ta kai bayan mota ta tura can ciki. Ta koma ta tsaya a ƙofar gida riƙe da ƙanwarta har direba ya ja. Na waiwaya ta gilashin baya. Muna kaiwa kwanar rijiya na ga ta saki hannun, Habi ta ruga bayan awaki ita kaɗai. A nan ne hawayen da nake ta riƙewa suka zubo, kuma babu wadda ta tsokane ni a motar.

Ana kiran magariba muka shigo Dutse. Na tafi ina ganin na san abin da maraya ke so, na dawo na gane cewa kafin ka ba wanda ya yi gudu kyauta, sai ka fara tambayar me ke tsorata shi. Yaran nan ba abin ɗaukar kaya suke nema ba, wurin ajiyewa suke nema.

Jakunkunan suna shagona yanzu, na fara warware ɗinkinsu. Rigunan matashin kai zan mayar da su.