Zuwa Ringim da Matuƙin Jirgi a Gefena

Mun tashi da asuba daga unguwar Limawa a Dutse, ana sallame salla muka kama hanya, ni da ƙanena a tsohuwar motata. Ƙanen nan nawa matuƙin jirgin sama ne, masu bibiyata sun sha jin ina cika baki da shi. To ga shi yau a gefena, ya ɗaura bel tun ban tada mota ba, yana yi wa tayoyina kallon tuhuma. Na ce masa a nan ƙasa ni ne kyaftin, ya kama bakinsa.

Ga dalilin tafiyar. Wani kamfanin jirage na ƙasar waje ya yi masa tayin aiki mai tsoka, amma can zai koma da zama, zuwa gida sai shekara-shekara. Sun ba shi zuwa ƙarshen mako ya ba su amsa. Ya ce ba zai ce komai ba sai ya je ƙauyenmu da ke bayan Ringim ya ga Inna, ya kuma ziyarci kabarin Baba. Ranar da Baba ya rasu ƙanena yana sama a jirgi, wayarsa a kashe, kafin ya sauka mun dawo daga maƙabarta. Ya zo zaman makoki, amma ya kasa taka wajen kabarin, tun daga nan kuma bai sake leƙo ƙauyen ba.

Duwatsun Dutse muka bari a baya hazon safiya bai gama sakinsu ba. Damina tana ban kwana, gero ya sunkuyar da kai, riɗi ya yi fure fari tas a gefen titi. Ƙanena ya sauke gilas, iska tana kaɗa masa hula. Can ya ce daga sama duk gonakin nan kamar zanen da aka yi wa faci suke, kogin Haɗeja kuwa kamar zare aka yar a tsakar gida. Ya ce akwai safiyar da rana take fitowa a ƙarƙashinka, gajimare ya shimfiɗu fari har iya ganinka, ka rasa abin cewa sai tasbihi. Na saurare shi har na kusa faɗawa rami, kuma gaskiya na ji kishi. Ni iyakar samata saman ɗakina ne, ranar da na hau gyaran kwano.

A Kiyawa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan zamanin nan sai ka sa tabarau kafin ka gan shi, kuɗinsa kuwa ya ninka. Mai koko ta tambayi sana'ar baƙon nawa, na faɗa mata da alfahari. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah sarki, ashe shi ya sa ya rame, ta ƙara masa ludayi guda kyauta. Ni da nake da ƙiba ko ɗigo ba a ƙara mini ba.

Daga nan muka bi ta Jahun. Titin wani wuri sumul, wani wuri sai ka yi ta kauce-kauce kamar mai tsallake kwata. Fadamu sun cika, shinkafa kore shar, balbelu suna bin shanu, amalanke tana tafe a hankali mai ita yana gyangyaɗi. A Gujungu muka sayi soyayyen kifi da dafaffiyar gyaɗa na tsaraba. Ƙanena bai iya ciniki ba sam, abin da aka faɗa shi yake miƙawa, har sai da na ƙwace ledar na tura shi mota.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa ƙauye. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ya raka mu maƙabarta tun kafin mu zauna. Ina tafe ina da tabbacin na san wurin, ai da hannuna na sa Baba a ciki. Amma damina biyu ta wuce a kai. Ƙasa ta kwanta, ciyawa ta rufe, an ƙara sabbin maƙwabta. A garinmu ba a gina kabari, ba a rubuta suna, reshe ake kafawa, shi kuma gara ta cinye shi tuni. Na tsaya tsakanin tudu uku na rasa wanne zan nuna. Baffa ma ya ce tsakanin nan ne dai, mu yi wa kowa addu'a, za ta isa inda aka aike ta. Ƙanena ya durƙusa a tsakiya ya ɗaga hannu, ya daɗe bai sauke ba. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

A gida Inna ta sa aka dama mana fura, ta zauna a kan tabarma tana kallonsa yana sha. Ya zayyana mata zancen sabon aikin, ya ce zai rushe ɗakinta ya yi mata na siminti, ya kai ta Umara duk azumi. Ta yi ta sa albarka. Sai ya ajiye ƙwaryar ya yi tambayar da na san ita ta kawo shi.

"Inna, in ta Allah ta kasance ina can, za a jira ni?"

"Ba za a jira ka ba," in ji ta, a hankali. "Na riga na gaya wa Baffanku, ko kai ko yayanka, kada a ajiye ni don kowa. In ganina kake so, ka zo tun ina iya ganinka."

Ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya zauna ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa masa, ta ce ya shanye kada ta tsinke.

Bayan la'asar muka yi sallama. Mun fito har bakin titin Ringim, rana ta yi laushi, masu tumatir da albasa suna ɗora kwanduna a mota, sai ya ce in tsaya. Ya buɗe ƙofa ya ɗauki jakarsa.

"Yaya, ka wuce, zan yi kwana biyu. Aikin nesan nan na haƙura da shi. Amma tuƙin jirgi kam ba zan iya bari ba, kada in yi maka ƙarya."

Ya tsayar da ɗan acaɓa ya hau, suka juya hanyar ƙauye.

Ni kaɗai na dawo Dutse, na shigo Limawa ana kiran magariba. Kun sha tambayata ko aikin tuƙin jirgi ya kai wahalarsa, musamman masu 'ya'yan da ke mafarkinsa. Da ina amsawa da sauri, yanzu na daina. Na ji yadda muryarsa take canzawa in yana zancen gajimare, ba zan ce wa kowa ya bar wannan ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk mai son aikin ya fara zama da iyayensa ya yi musu tambayar da ƙanena ya yi wa Inna, ya ji amsar da kunnensa tun suna nan.